Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lokacin da Gaddafi Ya Sa Ido a kan Cadi

A makon jiya na tsaya a kan ƙetarewarmu zuwa Kusiri ta ƙasar Kamaru a 1980, lokacin da mayaƙan Gukuni Wedeye da na Hissene Habre suka raba Njamena gida biyu, muka shiga kwale-kwale da abin da kanmu ya iya ɗauka. Jikokina sun ce na yi wa Kanar Gaddafi rashin adalci, domin su abin da suka sani game da shi bai wuce gina masallatai da rabon kuɗi ba.

Tun a 1973 sojojinsa suka shiga Awuzu, wani dogon zirin hamada a kan iyakar arewa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 114,000, wanda ake raɗe-raɗin akwai yuraniyom a ƙarƙashinsa, kuma hujjar da ya riƙe ita ce wata yarjejeniya da Faransa da Italiya suka ƙulla a 1935, wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Da a nan ya tsaya, da mu talakawan Njamena ba mu ma san an yi ba. Amma a Disamban 1980 tankokinsa suka shigo har cikin birni suka taya Gukuni korar Habre, sannan a Janairun 1981, muna zaune a rumfar gudun hijira, muka ji a rediyo cewa za a haɗe Cadi da Libiya su zama ƙasa guda, ba tare da an tambayi kowa ba. Baba, Allah ya jiƙansa, ya kashe rediyon ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wannan magana ita ya maimaita bayan komawarmu gida, sa'ad da muka tarar maƙwabcinmu ya matso da katangarsa ya haɗiye rijiyar da Baba ya haƙa da kuɗinsa, yana cewa wai tun zamanin Turawa gefen nan na mahaifinsa ne. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna raye kuma sun san kansu. Cadi dai ta samu Kotun Duniya, wadda a ranar 3 ga Fabrairu 1994 ta ce Awuzu nata ne, har sojojin Libiya suka kwashe kayansu a ƙarshen Mayu. Mu kuwa Inna ta ci gaba da sayen ruwa wajen 'yan garuwa har ta koma ga Allah.

Na yi gaba da yawa. A 1987 ne wahalar da Baba yake faɗa ta buɗe wa Kanar, lokacin da samarin Habre, wanda ya riga ya dawo ya karɓi mulki, a cikin motocin Toyota marasa sulke suka fatattaki rundunar Libiya a garin Fada cikin Janairu, suka karɓe sansanin Wadi Dum cikin Maris, inda aka kama hafsansa Halifa Haftar, wanda yau duniya take jin sunansa a gabashin Libiya. A Satumba har cikin ƙasarsa suka bi Kanar, kafin a tsagaita wuta. Unguwa ta cika da guɗa, amma Baba bai fita ba, domin ya ce yawancin gawarwakin da aka bari a rairayi 'ya'yan talakawa ne, cikinsu har da baƙin haure da suka je Libiya neman abinci aka sa musu kaki. Maƙwabcin namu kuwa shi ya fi kowa rawa a ranar.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga maganar auren Yaya da rigimar sadakin da ta biyo baya.