Gida uku a hannu, rangwamen haraji a kan biyu kacal

Ƙannena da kuka fara kama ƙasa a Amurka, musamman waɗanda suka sayi gidan farko kuma ido ya fara kai wa na biyu, ina so in ba ku labarin lissafin da na yi ba daidai ba, wanda ya sa na mayar wa hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, kuɗin da na riga na kashe. A lokacin ina da gidan da nake zaune da iyalina a jihar Merilan, da wani ƙaramin gida da na saya kusa da jami'ar da 'yata take karatu, ga kuma ginin da na ɗora a Kano domin ranar komawa gida. Na ɗauka cewa duk kuɗin ruwan da na biya kan bashin waɗannan gidaje, da duk harajin da aka karɓa a kansu, za a cire mini su daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji. Ban tambayi kowa ba, domin wani abokina ya taɓa ce mini mai gida ba ya kuka da haraji a ƙasar nan, ni kuwa na riƙe maganar kamar karatu.

Abin da doka ta tanada shi ne, kuɗin ruwan bashin gida ana cire shi ne a kan gida biyu kawai: wanda mutum yake zaune a ciki, da wani guda ɗaya da zai zaɓa a matsayin na biyu. Sannan akwai iyaka ga bashin kansa. Wanda aka ci bayan 15 ga Disamba 2017, dala 750,000 ne ƙarshensa, kuma jimillar gidajen biyu ake nufi, alhali wanda aka ci a wannan rana ko kafin ta yana nan kan tsohuwar iyaka ta dala miliyan ɗaya. Idan bashin gidanka na farko dala 500,000 ne, na biyun kuma 400,000, to kashi biyar cikin shida na kuɗin ruwan za ka cire, sauran ya tafi ke nan.

Inda na fi ƙonewa shi ne ginin Kano. Da gidana na Merilan ya yi daraja, sai na je banki na ci sabon bashi, na jinginar da gidan, na aika da kuɗin aka sayi siminti da rodi aka kai gini har linta. Ƙarshen shekara banki ya aiko mini da takarda mai lamba 1098, wadda take nuna kuɗin ruwan da na biya, ni kuma na kwashe adadin kamar yadda yake na zuba a jadawalin A, wato sashen takardar haraji da ake jera abubuwan da za a cire. A tunanina, tunda gida na gina da kuɗin, ai bashin gida ne. Ashe tun daga 2018 sharaɗin shi ne a kashe bashin wajen saye, ko ginawa, ko yi wa gagarumin gyara, ainihin gidan da aka jinginar. Ni kuwa gidan Merilan na jinginar, na gina na Kano, saboda haka ko sisi daga wannan kuɗin ruwa bai cancanci cirewa ba. Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne na gano daga baya cewa kasancewar gida a wajen Amurka ba ya hana shi zama gida na biyu a idon doka, matuƙar shi ne aka jinginar wajen cin bashin. Takardar 1098 shaida ce kawai ta abin da ka biya banki, kuma bankin bai san inda ka kai kuɗin ba.

Harajin gida kuma nasa tsarin daban ne. Ba a ƙayyade yawan gidajen ba, amma dokar harajin da aka yi a 2017 ta haɗa shi da harajin kuɗin shiga na jiha da na ƙaramar hukuma a kwando ɗaya, ta rufe bakin kwandon a dala 10,000. A jiha irin Merilan, harajin da ake yanka a albashina ya kusa cika kwandon kafin a zo kan gidaje. A 2025 an ɗaga iyakar zuwa dala 40,000 na wasu shekaru, tana raguwa ga masu samun sama da dala 500,000 a shekara, kuma za ta koma 10,000 a 2030. Harajin da ka biya kan gidan zamanka da ke wata ƙasa kuwa, tun 2018 aka daina cire shi.

Sai gidan kusa da jami'a. Da 'yata ta kammala, na sa 'yan haya shekara guda cur ban kwana a ciki ko sau ɗaya ba, amma na ci gaba da kiransa gidana na biyu a takarda. Gidan da aka ba haya sai ka zauna a cikinsa fiye da kwana 14, ko fiye da kashi goma cikin ɗari na kwanakin hayar, duk wanda ya fi yawa, kafin ya amsa wannan suna. In ba haka ba gidan haya ne, lissafinsa a jadawalin E yake, inda ake cire kuɗin ruwa da haraji da gyare-gyare daga kuɗin hayar, kuma iyakar kwandon nan ba ta shafe shi ba. A nan kaina na cuta, domin da na ajiye shi inda ya dace da na biya ƙasa da abin da na biya.

Kafin ku sha wahalar jera waɗannan abubuwa, ku gwada jimillarsu da ƙayyadadden rangwamen da ake ba kowa ba tare da rasit ba, wanda a 2024 ya kai dala 29,200 ga ma'auratan da suka cika takarda tare, domin ɗaya ake ɗauka a cikin biyun. Ni dai sai da na biya wata ƙwararriyar akanta ta zauna da takarduna na shekara uku, muka gyara su ta takarda mai lamba 1040-X, na biya abin da ya hau kaina har da kuɗin ruwan jinkiri. Tambayar farko da ta yi mini, tun kafin ta buɗe jakar, ita ce wane gida aka jinginar a kan kowane bashi, kuma a wane gida aka kashe kuɗin.