Fentin ruwa ya daina zarara, saura sawun buroshi

Jama'a, yau fentina ya tsaya inda na ajiye shi. Na shafa shuɗi a allon katako, na jingine shi tsaye a bango, har ya bushe bai gangaro ba. Waɗanda suka ga allon shagon da na yi a watan jiya, wanda kowane harafi ya yi gemu, sun san dalilin murnata.

Kun san halin da muke ciki a Yamai idan hunturu ya kankama. Iska a bushe, bango na shan ruwa, kafin ka mayar da buroshi karo na biyu fentin ya fara kamewa. Sai ka ƙara ruwa. Da ka ƙara, sai ya tsinke ya bi bango. Kamfani ya riga ya zuba sinadarin kauri daidai da ruwan da ke cikin bokitin, kai kuma ka zo ka rage masa ƙarfi. Abin da na koma yi shi ne tsinka fentin da ruwan da shi kansa yake da ɗan kauri, ba ruwan famfo zalla ba.

Na fara da ƙaro, tunda shi muka sani tun tawadar allo. Ƙaro na da danƙo amma ba ya kawo kauri sai an zuba shi da yawa, kuma bayan ya bushe, ruwa na taɓa shi zai sake narkewa. A takarda ba laifi, a bangon da damina za ta buga kuwa asara ce. Daga nan na karɓi CMC, wani garin sinadari mai sa ruwa kauri, wajen masu haɗa sabulun ruwa. Yana kauri sosai, sai dai ba ya shiri da gishiri da sinadarin farar ƙasa, a kan sabon siminti sai ka ga fentin ya yi wani iri. HEC, wani garin kaurin wanda masu sabulu ke kira Natrosol, bai damu da wannan ba, shi ya sa na tsaya a kansa.

To nan ne na sha wuya: gudaji. Na barbaɗa garin kai tsaye cikin fenti, na juya har kafaɗa ta yi tsami, duk da haka ƙananan ƙwallaye masu santsi suka cika bokitin. Ka murje ɗaya a yatsa, sai ka tarar da cikinsa busasshen gari ne. Bayan ƙwayar ne ke shan ruwa ya kumbura ya rufe hanya, ruwa ba ya isa ciki. Na tace da tsohon gyale, rabin fentin ya tafi da gyalen. Bokitin nan jikka goma sha biyu na biya a kasuwar Katako, har yanzu idan na tuna raina na ɓaci.

Ashe abin yana ga ruwan da garin ya fara haɗuwa da shi. Irin HEC ɗin da ke da harafin R a sunansa, misali 250 HBR, an lulluɓe ƙwayoyinsa da wani abu da ke jinkirta kumbura, don a samu a watsa shi cikin ruwa tukuna. Amma jinkirin nan a ruwa mai sanyi wanda ba shi da kanwa-kanwa yake aiki. Fentin ruwa kuwa ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami da kanwa-kanwa, yakan kai 8 zuwa 9, ɓangaren kanwa ke nan, shi ya sa da gari ya faɗa ciki lulluɓin ke warwarewa nan take, ya dunƙule kafin ka juya. Ruwan ɗumi ma yana gaggauta abin, kuma kun san ruwan famfon rana a nan ba ya buƙatar wuta. Yanzu ruwan randa nake ɗiba. Giram 10 a lita 1, ina barbaɗawa kaɗan-kaɗan ina juyawa har ruwan ya yi fari-fari ba kauri. Sai a lokacin nake ɗiga amoniya, wani ruwan sinadari mai kanwa-kanwa, ɗigo kaɗan, in ci gaba da juyawa ba tsayawa. Kana kallo zai washe ya yi kauri. In rufe shi ya kwana don kumfa ta fita.

Wani abokin aiki ya ce me ya sa ba zan sa kanwa ba, ga ta da araha. Za ta tayar da shi, babu shakka. Amma amoniya na tashi ta bar fentin idan yana bushewa, kanwa kuwa gishiri ce, tana nan zaune, ni kuma ba na son farin toka ya fito mini a kan shuɗi.

Awon da ya yi mini: kofi ɗaya na wannan ruwan ga kofi biyar na fenti. Na gwada a gilashin taga, layi uku masu kauri daban-daban, na tsayar da shi. Babu wanda ya motsa. Ƙarin daɗi kuma, HEC na riƙe ruwa, bango ba ya tsotse fentin da wuri, sai na samu sararin gyara gefen harafi.

Kada ku haɗa da yawa. Ƙwayoyin cuta na cin wannan garin, cikin zafin nan kwanaki kaɗan ya tsinke ya fara wari, kuma idan ya tsinke ba ya komawa. Nawa a firji yake, na rubuta a jikin kwalbar don yara.

Ba a gama ba fa. Da rulo, abin shafa fenti mai mirginawa, fentin yana fallatsa, don yana da yauƙi irin na miyar kuɓewa, zare-zare na biyo rulon su tsinke su faɗo a fuska. Sawun buroshi ma bai kwanta yadda nake so ba, domin kaurin da ya hana shi gangarowa shi ne ya hana shi bajewa. Maganin wannan shi ne wani sinadarin kaurin daban, HEUR, mai kama ƙwayoyin fentin da kansu, wanda ke barin fenti ya baje sumul. Na zaga kasuwannin Katako da Wadata ban samu ba, na ba wani ɗan'uwa mai zuwa Kano sallahu. Kafin ya dawo zan rage garin zuwa giram 7 in gani ko sawun zai kwanta. Wanda ya ga HEUR a wani kanti a garin nan, don Allah ya faɗa mini kafin a kashe kuɗin mota.