Alƙalanci da wayar hannu

A daren 17 ga Oktoba 2016, tashar ARD ta Jamus ta nuna wani fim mai suna Terror, wanda aka ciro daga wasan kwaikwayon Ferdinand von Schirach, lauyan da ya koma marubuci. Labarin duka a ɗakin kotu yake. Ɗan ta'adda ya ƙwace jirgin fasinja mai mutum 164, ya nufi filin ƙwallon Munich inda mutum 70,000 suka taru. Wani matuƙin jirgin yaƙi, Lars Koch, ya harbo jirgin, alhali manyansa sun ce kada ya harba. Ba wanda ya tsira a jirgin. Shi Koch ne ake yi wa shari'a. Da lauyoyi suka gama bayani, sai aka ce masu kallo su buga waya ko su shiga intanet su yanke hukunci. Dama an ɗauki ƙarshen fim iri biyu an ajiye. Kashi 86.9 cikin ɗari suka ce a sallame shi, aka saka musu ƙarshen da suka zaɓa.

Ƙanena da ke karatu can ne ya aiko mini labarin ta WhatsApp, na kunna muryarsa a fadarmu ta unguwar Zariya bayan isha'i. Kafin a zuba shayi na biyu an gama shari'a. Telan da ke kusa da ni ya ce ai lissafi ne, yaron firamare ma ya san 70,000 ta fi 164. Kowa ya bi shi, har da ni.

Baba Malam ne kaɗai bai ɗaga hannu ba. Ya daɗe yana zaman sulhun gonaki da gado a ƙofar mai gari, kuma ba ya son a yi masa gaggawa. Ya ce, "Ɗana, su mutanen filin, mi ya hana a fid da su tun da wuri?" Na sake tambayar ƙanena. Ashe mai gabatar da ƙara ta yi wannan tambayar a cikin fim ɗin: akwai lokacin kwashe jama'a, amma ba wanda ya ba da umarni. Sai dai masu wannan sakacin ba su ne a gaban alƙali ba, kuma mai kallo ba shi da inda zai latsa ya ce a kamo su.

Abin da ya tsaya mini ke nan. Tun Fabrairun 2006 kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar da ta halatta harbo jirgin da aka ƙwace in akwai bayin Allah a ciki, ta ce gwamnati ba ta auna rai da rai. Wani babban alƙalin Jamus, Thomas Fischer, ya caccaki fim ɗin a jarida, domin a doka aiki kan haramta amma mai aikin ya samu uzuri. Su kuwa masu kallo ƙofa biyu kawai aka buɗe musu.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne na shirin Crown Court da aka yi a Ingila daga 1972 zuwa 1984. Shari'ar ƙirƙira ce, amma masu yanke hukunci mutanen gari ne da aka zaunar a ɗakin, dole su ji shaidu tun daga fari.

Samarin fada suna ta cewa ya kamata wata tasharmu ta kwaikwayi abin da Hausa. Zan kalla, ba musu, har in ɓata kuɗin katina. Amma a ce an kawo shari'ar shanun da suka shiga gonar hatsi kafin a gama girbi, aka ce a aiko da saƙo. Manoma da ƴan birni suna zaune gaban tele, waya cike da caji. Makiyayin yana can wajen Dakoro da garkensa, bai ma san an kira sunansa ba.