Yunwar da tuwo ba ya kashewa

Shekara 8 ina halartar sujada kowace Lahadi a majami'armu da ke Narayi, ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina ba da zakka da baiko, amma zuciyata a bushe take kamar gona a tsakiyar rani. Ban farga ba sai wani dare da aka ɗauke wuta, ƙanwata ta roƙe ni in duba mata ayar da fasto ya ambata a wa'azi. Na haska fitilar waya, na yi ta juya shafuka, ashe ban ma san inda littafin Amos yake ba. Kunya ta rufe ni.

Da na samu sura 8 aya 11, inda Ubangiji ya ce zai aiko da yunwa, ba ta abinci ba, ba kuma ƙishin ruwa ba, sai dai ta jin maganarsa, na daɗe zaune a bakin gado, domin halin da nake ciki ke nan.

Tun daga ranar nake tashi da ƙarfe 5 na asuba, kafin masu keke su cika titi, in buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa da mahaifiyata ta bar mini, wanda bangonsa ya yage, ta kuma ja layi da jan biro a Zabura 42. Wata rana barci yakan rinjaye ni, hakan yana damuna ƙwarai. Duk da haka na kammala surori 21 na Bisharar Yohanna, jiya kuma na iya yi wa wanda ya ɓata mini rai addu'a da sunansa.