Godiya ga duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron walimar zamana lauya ya tashi lafiya. An mayar da rumfuna da kujeru, baƙin nesa duk sun kira sun ce sun sauka gida. Muryata har yanzu a dishe take, ƙafafun Inna kuma sun kumbura saboda tsayuwa, amma ta ce kada in sake in kwanta ban yi wa jama'a godiya ba.

Ba sai na maimaita muku abin da kuka gani da idonku ba. Karatun shekara 5 a Jami'ar Bayero ya ja ya ja, korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020 suka ci rabonsu, na 2022 ya zaunar da mu daga Fabrairu har Oktoba. Kun san zaman Makarantar Lauyoyi a Bagauda, kun san ciwon Inna da ya faɗo ana tsakiyar jarrabawa, kun san jiran sakamako. Duk ya wuce. An rantsar da mu a Abuja, ɗan mai dako ya sa hular lauyoyi.

Maigidana na Kantin Kwari ya gargaɗe ni kada in ambace shi a bainar jama'a. Alhaji, ka yafe mini, wannan umarnin ba zan iya bi ba. A layinsa mahaifina ya yi dako har Allah Ya karɓi ransa, shi kuma ya ɗauke ni yaron shago ina sakandare. Ni ne shara, ni ne jera atamfa da shadda, ni ne kai wa kwastoma kaya tasha.

Duk ɗan Kwari ya san abin da ruwan Agustan 2022 ya yi wa kasuwa. Sitonmu yana ƙasa, diloli suka sha ruwa, wasu ma kayan bashi ne ba a biya ba. Ba a gama farfaɗowa ba ƙarancin takardun naira ya shigo a farkon 2023, sai a wuni ba a yi cinikin kirki ba. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota ya yi sama. A cikin wannan halin maganar kuɗin Makarantar Lauyoyi ta taso, ni kuwa ko kashi ɗaya cikin goma ba ni da shi. Ban iya buɗe baki na gaya masa ba. Da wane ido zan dubi mutumin da ake bi bashi in ce ya biya mini makaranta?

Wata rana bayan la'asar ya aiko a kira ni sito, ya ce a ja ƙofa. Wallahi gabana ya faɗi. An riga an rage yara a shagunan maƙwabta, na ɗauka layi ya zo kaina, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna. Sai ya ciro wani tsohon littafi daga ƙasan akwati ya buɗe. Sunana ne a sama, da rubutunsa. Ashe tun shekarar da na fara aiki yake ware mini wani abu duk ƙarshen wata. Ya ce, "Ɗana, sauran yarana da jari nake sallamarsu. Kai ga taka sallamar, je ka biya makaranta." Na ce, "Alhaji, masu kaya fa? Suna jira." Ya ce, "Bashina daban, haƙƙinka daban. Ko ranar da ruwa ya ci sito ban taɓa wannan ba." Na durƙusa zan yi godiya, kuka ya ci ƙarfina. Shi ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya ce in wanke fuska kada yara su gani.

Samarin unguwa da suka tsare ni bayan walima suna tambayar yadda aka yi, ga amsar da gajiya ta hana ni ba ku. A shagon nan na koyi duk abin da na riƙe. Na farkonsu amana, kuma daga canjin naira hamsin take farawa. In an aike ka ka dawo da canji cif, in yadi ya yage a hannunka ka faɗa kafin a gani. Alhaji ya ce abin da ya sa ya buɗe wancan littafin ke nan, ya gwada ni da ƙananan kuɗi ban sani ba. Lauya ma dukiyar mutane da sirrinsu ake damƙa masa, wanda bai iya riƙe canji ba ba zai iya riƙe takardar gadon marayu ba. Sai sammako, don darasin da na karanta bayan asuba kafin a buɗe kasuwa shi ya fi zama a kaina. Kuma ban taɓa ɓoye sana'ata ba. 'Yan ajinmu sun sha ganina da dila a ka a Fagge, ina gaishe su in wuce. Cikinsu akwai wanda ya kai ni wurin manyan lauyoyi biyun da dole su sa wa mutum hannu kafin a rantsar da shi, ni da ban san kowa ba.

Inna, ƙosan da kika soya a ƙofar gida shekara da shekaru, hayaƙi yana cin idonki, Allah Ya sa shi a mizani. Yaya Babba da ta sayar da ɗankunnen aurenta lokacin jinya, ba ta so a sani, to yau an sani. Malamin makarantar allonmu da bai taɓa mantawa da ni a addu'a ba. Mai shayin bakin layi da ya yi ta ba ni bashi bai taɓa tuna mini a gaban mutane ba. Abokan ɗakina na Bagauda da suka riƙa jawo ni cikin kwanonsu. Matan unguwa da suka kwana a gindin murhu, da matasan da suka yi ta hidimar baƙi har dare. Na gode, na gode.

Dangin Baba kuwa, mun kai kati har gida, Inna ta sa an ware musu tabarma a gaba, ta yi ta duban ƙofa. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Zumunta a ƙafa take, ni zan je in gaishe su in sha Allahu.

Ya Allah Ka ji ƙan mahaifina, Ka haskaka kabarinsa, Ka kai masa ladan wannan rana. Ka ba Inna lafiya da tsawon rai. Ka mayar wa Alhaji abin da ruwa ya ci ninkin ba ninkin, Ka biya masa bashinsa, Ka shirya masa zuri'a, Ka sa ya gama da duniya lafiya. Ka raba 'yan kasuwarmu da gobara da ambaliya. Ka tsare harshena daga kare ƙarya, Ka tsare hannuna daga cin haƙƙin wani. Duk wanda ya taka ƙafa ya zo, ko ya aiko, ko ya yi addu'a daga nesa, Allah Ya biya masa buƙatunsa na alheri. Amin.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi mini uzuri, saƙonni sun taru sun yi yawa. Daga ranar Asabar zan fara bin gidaje ɗaya bayan ɗaya don yin bangajiya.