Katin memori da kwamfutar Auta

Asabar ce, babu lakwal, sai na saka kwamfutar Auta a jaka na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole tun rana ba ta yi zafi ba. Jiya wani abokin aiki ya tsegunta mini cewa katin memori yana ƙara wa kwamfuta sauri, na kwana da maganar a raina. Akwai tsohon kati a matacciyar wayar Inna, na ciro shi na ƙunshe a takarda. Ina tafe ina murna.

Malam mai gyara ya saurare ni har na gama, ya ce: "Mushe, abin da aka faɗa maka gaskiya ne, amma rabinta aka ba ka." Ya zura katin cikin adafta, ya tura a ƴar kafar da ke gefen kwamfutar, ya danna dama a kansa, ya shiga Propriétés, ya nuna mini shafin ReadyBoost, inda ake sa Windows ta yi amfani da kati don ƙara sauri. Ya ce tsohuwar dabara ce, da Windows Vista ta zo tun 2007. Sai dai Windows ta gwada katin Inna ta ƙi karɓa, wai bai kai saurin da ake buƙata ba. Malam bai yi mamaki ba. Ya ce katunan da ake zubawa a tire da yawa lambar jikinsu ce kawai babba, aikin ba ya nan. Ya ɗauko sabo mai giga 8, da ɗan 10 a cikin da'ira, alamar saurinsa, jaka uku. Wannan ta karɓa. Ya goge shi tukuna ya mai da shi tsarin ajiya na NTFS, domin a tsarin FAT32 giga 4 kaɗai za ta iya amfani da shi.

Na ce: "To Malam, yanzu RAM ɗinta, memorin da take aiki a kai, ya ƙaru ke nan?" Ya girgiza kai. "Giga 2 take da shi, giga 2 ɗin ne har gobe. Ka ɗauka tela ne da ƙaramin tebur, kayan aikinsa na can ƙuryar ɗaki. Katin nan kwando ne muka ajiye masa kusa da ƙafa, ya rage tashi da zama. Teburin dai bai ƙara faɗi ba." Ya ce faifan cikinta irin mai juyawa ne, ƙananan abubuwan da suka warwatsu ne suke ba shi wuya, su ne katin yake saurin miƙowa. Babban fayil kuwa, faifan ya fi shi. Maganin gaskiya biyu ne, ƙarin RAM ko SSD, wato faifan zamani mai sauri da ba ya juyawa, kuma in an sa SSD ita kanta Windows za ta rufe wannan ReadyBoost ɗin don ba ta da sauran bukatarsa. Na tambayi kuɗin kowanne. Ya faɗa. Na biya jaka ukun katin na yi masa godiya. Allah ya saka wa mutumin nan, da ya so da ya bar ni na tafi da murnata.

Famfo yau ma shiru, sai ga-ruwa. Tuwon Inna da miyar kuka ya yi daɗi.

Bayan la'asar Auta ta dawo daga wajen ƙawarta, na miƙa mata, na ce kada ta zare katin. Na zauna a bakin ƙofa ina gyara takardun yara, amma idona na kanta. Word ya buɗe da ɗan dama fiye da da, wannan na gani. Tana buɗe PDF ɗin da malaminta ya turo, ta ƙara da intanet, sai ƴar da'irar nan ta hau juyawa. Ba ta yi tsaki ba. Ta jawo biro ta ci gaba da rubutu a kaye, tana ɗagowa jefi-jefi. Da ta ga ina kallonta sai ta ɗan karkatar da allon, ta ce: "Wallahi Yaya ta yi sauri sosai, Allah ya ƙara buɗi."

Maganar nan ce ta hana ni sukuni har yanzu. Da ta ce mini bai yi ba, da na fi samun sauƙi. Yarinya tana shekarar ƙarshe a Jami'ar André Salifou, rubutun kammalawa na jiranta, kuma ta koyi zama gaban na'ura tana jira ba tare da ta nuna a fuska ba, don kada ta ɗora mini nauyi. Tun rasuwar Baba ban tuna ranar da ta buɗe baki ta roƙe ni wani abu ba. Takalminta ma Inna ce ta faɗa mini ya tsinke. Ni ba na son ta saba da wannan haƙurin, ba a kan abin karatu ba.

Kwasar adashena sai wata mai zuwa. Zan yi wa uwar adashe magana ran Litinin ko wani zai yarda mu yi musaya. Na tura wa Malam saƙo ya nemo mini RAM mai giga 4, ko na hannu ne, DDR3 ya ce irin nata. SSD ya jira albashi.