Tarihin Rayuwata (14): Kirsimeti a Jidda Bayan Takardar Kotu

Makon jiya na tsaya a inda babbar kotu ta raba aurena da Baban Ladi. Auren rajista ba ya mutuwa rana ɗaya. Alƙali ya yanke hukuncin farko, sai an jira wata uku kafin ya zama na ƙarshe, kuma wata ukun sun cika a Nuwamba, ina Jidda a bakin aikin jinya. Da zawarci na shiga Disamba.

Goggo Laraba, wadda ta riƙe ni a Wusasa, ita ta fara kirana. "Ke Rahila, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ya tambaye ki maigida, ki ce kun rabu, ki ja bakinki ki yi shiru." Na bi maganarta. Masu gaisuwar Kirsimeti tambaya ɗaya ce a bakinsu, ina maigida da yara. Wadda ta ce yana lafiya, sai ta ƙara wata ƙaryar a Janairu, wata kuma a Ista.

A Saudiyya babu coci, kuma 25 ga Disamba ranar aiki ce. Hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013, Lahadi ma ana aiki. Jadawalin Disamba kuwa tun Nuwamba ake rubuta shi, a lokacin za ki nemi canji. Yawancin waɗanda aurensu ya mutu aikin daren 24 suke nema don su gudu wa ranar. Dabarar ba ta fita. Za ki kwana tsaye, ki yi barcin safe, ki farka wajen ƙarfe biyu ke kaɗai a ɗaki. Jidda na gaban Najeriya da awa biyu, wato daidai lokacin aka taso daga sujada a gida, hotunan anko suna ta zubowa a WhatsApp. Aikin safe ya fi: hannu na kan marasa lafiya, waya na cikin loka, da yamma a taru. Yara kuma a kira su ƙarfe takwas na safiyar Jidda, shida ke nan a gida, kafin gidan ya cika da dangin ubansu.

Ankon nan har yau yana ci mini rai. Ni nake sayen atamfar gidan kowace shekara, har ta uwar miji da ƙannensa mata. A shekarar ma an yi anko, amaryar Baban Ladi ta saka, ta tsaya a ƙofar gidan da guminina ya gina aka ɗauke ta hoto. Wata a zumuntar matan cocinsu ta aiko mini da Malakai 2:16, wai Allah na ƙin kisan aure, ta ƙara da cewa mace tagari ba ta barin miji ta tafi ƙasar Larabawa. Da riyal ke shigowa babu wadda ta tuna da wannan ayar. Baban Ladi ne da kansa ya raka ni filin jirgin Kano. Da na gaya wa Goggo, cewa ta yi, "Ai na ce miki ranar wanka ce. Su ma cibinsu ya fito." Daga lokacin kuɗin makaranta asusun makaranta yake zuwa kai tsaye, na ɗinkin yara kuma hannun ƙanwata Saratu.

Mu takwas muka taru a ɗakin wata 'yar Jos, har da 'yan Filifin biyu da wata 'yar Kerala ta ƙasar Indiya. Ana shigowa bibbiyu, a rufe tagogi, babu tulu babu kacau-kacau, waƙa ƙasa-ƙasa. Kowa da Littafinsa Mai Tsarki na kansa. Ba a raba takardun bishara, ba a gayyatar abokin aiki Musulmi sujada, domin wa'azi ga Musulmi laifi ne a ƙasar, zai iya raba mutum da iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Abincin mutum takwas: shinkafa kilo biyu, kaji uku, tumatir kilo biyu. Cincin na fulawa kilo ɗaya ana soya shi ranar 23, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba danshin Jidda zai saɓe shi. Yaji da daddawa a wajen 'yan uwanmu na unguwar Karantina ake samu.

Kwano ɗaya na Hajiya maƙwabciyata ne, wadda kakanninta suka zo daga Kano a ƙasa, suka ratsa Sudan, suka haye teku ta Sawakin. A Zariya haka muka tashi, su kawo mana na Sallah mu kai musu na Kirsimeti. Ta tambayi maigida, na faɗa mata. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, Allah ya musanya miki da mafi alheri." Ba ta nemi jin dalili ba. Shekarar da ta rasu ina hutu a gida, ban samu yi mata sallama ba.

A daren ni aka ba karatu, Matiyu sura 1. A aya ta 19 Yusufu ya yi niyyar rabuwa da Maryamu a ɓoye. Tun ina makarantar Lahadi nake jin wurin, amma sai ranar na ga cewa labarin Kirsimeti kansa ya fara ne a gidan da aure ke shirin watsewa, da yarinyar da gari zai yi tsegumi a kanta. Cikin irin wannan gidan Almasihu ya shigo, aka kira shi Immanuwel, Allah tare da mu. Sai Hannatu a Luka 2:36-38, wadda ta yi shekara 7 kacal da miji. Ita mutuwa ce ta raba su, ni kotu, ban haɗa kaina da ita ba. Amma lokacin da aka kawo jaririn Haikali tana wurin, kuma ita ta yi ta ba masu jiran fansa labarinsa. A kan wannan na kafa begena, ba a kan cewa Baban Ladi zai dawo ko wani zai fito ba.

Daren 31 ya fi na Kirsimeti nauyi, domin sau biyu shekara ke shigowa: sha biyun Jidda, sannan ƙarfe biyu na dare lokacin da ake ihu a gida. Mun yi addu'a a na farko, na kashe waya kafin na biyu. Da safe na tarar da saƙon Ladi: ubanta na neman takardun gidan, wai a sunansa suke. Wannan sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.